Darasi na Goma Sha Huɗu: Masauki da Gurasa, Yadda Ake Kula da Ɗalibai Baƙi a Azhar ta Alƙahira

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manufar wannan karin magana ita ce mutum ba ya iya wani aikin kirki sai ya sami abin da zai riƙe kansa da shi tukuna. Malaman makarantun allo da na zaure sun daɗe da sanin haka, domin duk almajirin da ya kwana da yunwa, ko ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa, da wuya karatu ya zauna masa. Masana ilimi na wannan zamani suna kiran wannan fanni da sunan kula da jin daɗin ɗalibai. Fannin ya ƙunshi wurin kwana da abinci da magani, ya kuma ƙunshi duk wata dabara da makaranta kan yi don ɗalibi ya saki jiki, ya shiga cikin 'yan'uwansa, ya ji cewa ana yi da shi.

Wannan darasi zai duba yadda ake gudanar da wannan aiki a Azhar, wato babban masallaci kuma jami'ar da ke birnin Alƙahira na ƙasar Masar. An zaɓi Azhar ne saboda dalilai biyu. Na farko, ta shafe fiye da shekara dubu tana karɓar baƙi, saboda haka ana iya ganin yadda tsarin ya sauya daga wani zamani zuwa wani. Na biyu, mutanen Barno da na ƙasar Hausa suna cikin baƙin da suka daɗe suna sauka a can, kuma har yau 'ya'yansu na zuwa. Abin da darasin ke son nunawa shi ne, ɗalibi baƙo yana bukatar abu uku: inda zai kwana, abin da zai ci, da mutanen da suka san shi da sunansa. Kuɗi na iya samar da biyun farko. Na ukun kuwa sai an yi masa tanadi na daban.

2.0 Mafarin Al'amarin

An aza harsashin masallacin Azhar a shekarar 970, aka fara sallar Juma'a a cikinsa a 972. Jauhar Assiƙilli, sarkin yaƙin halifa Almu'izzu na daular Faɗimiyyawa, shi ya gina shi tare da sabon birnin Alƙahira. A shekarar 988, waziri Yaƙubu ɗan Killis ya nemi izinin halifa Al'aziz, aka yanka wa malamai fiye da talatin albashi, aka kuma gina musu gida a gefen masallacin domin su zauna su riƙa karatu a cikinsa. Ke nan tun daga tushe, karatun Azhar tare ya taso da masauki da abin sawa a baka.

Bayan daular Faɗimiyyawa ta faɗi a 1171, an daina sallar Juma'a a masallacin har kusan shekara ɗari, sai a zamanin Sarki Baibars aka dawo da ita. Daga nan darajar wurin ta yi ta ɗaukaka, baƙi suka yi ta kwararowa. Masanin tarihin nan na Masar, Almaƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya bayyana cewa a shekarar 818 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1415, masu zaman dindindin a cikin masallacin sun kai mutum 750. Akwai Farisawa, da mutanen Zaila'u da ke gabashin Afirka, da mutanen Magrib, da na ƙauyukan Masar, kowace ƙungiya da ɓangarenta. Masu hali sukan aiko musu da abinci da kuɗi da gurasa. To amma a wannan shekara ce wani hakimi mai suna Sudun, wanda aka ɗora wa kula da masallacin, ya kore su, ya sa aka fitar da akwatunansu, ya hana kwana a ciki. Bayin Allah suka watse, wasu suka bazama ƙauyuka. Wannan labari ya nuna cewa kulawar da ta dogara ga ra'ayin mutum ɗaya tana iya gushewa dare ɗaya.

3.0 Mutanen Takrur a Masar

Larabawan Masar da Hijaz suna kiran Musulmin yammacin Afirka da na yankin tafkin Chadi da sunan mutanen Takrur, kuma daga nan ne kalmar "takari" ta samo asali. Har yau akwai wata babbar unguwa a Giza, a ƙetaren kogin Nilu, mai suna Bulaƙ Addakrur. Hanyar aikin hajji ce ta fara kai waɗannan mutane Masar, kamar yadda ta kai Mansa Musa na Mali a 1324. Wasu sukan yi zango na 'yan watanni, wasu kuwa su zauna neman ilimi.

Mutanen Kanem ne suka fara yi wa nasu tanadi mai ɗorewa. A wajejen shekarun 1240, zamanin Mai Dunama Dibalemi, mahajjatansu sun damƙa wa wani alƙali Bamalike mai suna Alamuddin ɗan Rashiƙ dukiya, ya gina makaranta a Fusɗaɗ, wato tsohon garin da ke kudu da Alƙahira. Shi da kansa ya riƙa karantarwa a ciki, shi ya sa aka san ta da makarantar Ibn Rashiƙ. A nan ayarinsu kan sauka, kuma sukan aiko mata da kuɗi daga gida a kai a kai. Wannan makaranta misali ce ta al'ummar da ba ta tura 'ya'yanta uwa duniya ta juya musu baya ba, sai da ta bi su da guzuri.

Wani misalin kuma ya shafi mutum guda ne. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfullani Alkashinawi, wato Bafulatanin Katsina, masanin lissafi da ilimin taurari ne. Bayan ya sauke farali ya zauna a Alƙahira, kuma ya yi fice wajen rubutu a kan hatimai, wato gidajen lambobi waɗanda jimillarsu take zama ɗaya ta kowace fuska aka tara. Mai masaukinsa shi ne Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman Aljabarti. A gidan Shaihu Hasan Allah ya yi wa malamin rasuwa a 1741, bayan ya bar masa wasiyyar littattafansa. Abin sha'awa a nan shi ne, zuriyar Aljabarti su ma asalinsu baƙi ne daga gabashin Afirka, kuma su suka daɗe suna riƙe da shugabancin ɓangaren mutanen Jabarti a Azhar. Jikan baƙo ne ya sauki baƙo.

4.0 Yadda Riwaƙi Yake Aiki

Kowane ɓangare na ɗalibai a Azhar ana kiransa riwaƙi. Asalin kalmar a Larabci tana nufin rumfa mai ginshiƙai da ke kewaye da farfajiyar masallaci. Da tafiya ta yi nisa sai ta ɗauki ma'anar masaukin ɗalibai da kuma jama'ar da ke cikinsa. A zamanin Turkawan Usmaniyya tsarin ya kankama sosai, musamman bayan da Abdurrahman Katkuda ya faɗaɗa masallacin a tsakiyar ƙarni na 18. Akwai riwaƙin Magaribawa, da na Turkawa, da na mutanen Sham, da na Jawa, da na Sa'idawan kudancin Masar. Daga Afirka ta baƙar fata akwai na Jabarti, da na Sinnar, da na Darfur, da na Barno. Riwaƙin Barno yana cikin ƙanana, amma samuwarsa ta nuna cewa an san da zaman mutanen wannan yanki. Makafi ma an gina musu zawiyarsu ta musamman a ƙarni na 18.

Kowane riwaƙi yana da shaihinsa, wanda galibi ɗan yankin ne ko mai bin mazhabarsu. Shi yake karɓar sabon zuwa, ya tabbatar da asalinsa, ya sa a rubuta sunansa a cikin kundi. Shi yake raba gardama, ya tsawata wa mai laifi, ya tsaya wa ɗalibi idan wata magana ta haɗa shi da hukuma. Yana da mataimaki da ake kira naƙibi, mai lura da kundin da rabon abinci. Ana ba ɗalibi ɗan akwati ko taska a jikin bango inda zai ajiye tufafinsa da takardunsa. Manyan riwaƙai suna da ɗakunan kwana da madafa da ɗakin littattafai. A ƙananan kuwa, tabarma ce shimfiɗa, kuma da zafi wasu kan hau soro su kwana.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne jaraya, wato rabon gurasa da ake ba ɗalibi. Kuɗin gurasar daga waƙafi yake fitowa. Mai hali yakan tsayar da gona ko kanti ko gidan haya, ya rubuta cewa amfaninsu na ɗaliban riwaƙi kaza ne har abada. Saboda haka jaraya haƙƙi ce da aka rubuta, ɗalibi ba ya sunkuyar da kai kafin ya karɓe ta. Yawan gurasar yakan bambanta gwargwadon daɗewar mutum da matsayinsa, kuma wanda ya sami rara yakan sayar ya sayi mahaɗi ko man fitila. Idan waɗanda ke cikin kundi sun cika adadin da mai waƙafi ya ƙayyade, sabon zuwa sai ya shiga sahun masu jira har gurbi ya samu.

Duk wanda ya san ƙasar Hausa zai ga kamanni a nan. Baƙon da ya shiga gari yakan nemi zango, inda sarkin zango zai haɗa shi da mutanensa. Falke yakan sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a kasuwa. Almajiri kuma yakan sami uwar ɗaki a unguwa, mai ajiye masa ɗan tuwo, mai tambayar lafiyarsa idan kwana biyu ba ta gan shi ba. A duk waɗannan wurare, abincin da ake bayarwa yana tafe ne da sanayya. Haka riwaƙi yake. Wanda ya miƙa wa ɗalibi gurasa ya san garinsu, kuma idan bai zo karɓa ba za a tambaya ko lafiya.

5.0 Raunin Tsohon Tsari

Duk da wannan alheri, riwaƙi yana da nasa rauni. Na farko shi ne rashin daidaito. Riwaƙin da mutanensa ke da manyan 'yan kasuwa a Alƙahira, kamar na Magaribawa da na Turkawa, yana da waƙafi mai yawa. Wanda mutanensa suka fito daga nesa, ba su da attajirai a gari, sai ya yi ta maneji da ɗan abin da ya samu. Ɗalibai biyu suna iya zama gaban malami ɗaya, suna karanta littafi ɗaya, ɗaya a ƙoshe, ɗaya cikinsa na kiran ciroma. Na biyu shi ne ɓangaranci, domin akan sami faɗa tsakanin riwaƙai a kan wurin zama ko shugabanci.

Na uku, kuma mafi haɗari, shi ne sha'anin lafiya. Cunkoso ya yi yawa, ga ƙarancin iska da tsabtataccen ruwa. A shekarar 1896, lokacin da annobar kwalara ta shiga Masar, wani ɗalibi ya kamu a riwaƙin mutanen Sham. Hukuma ta zo ɗaukarsa zuwa asibiti, 'yan'uwansa suka ce ba su yarda ba, domin a ganinsu wanda aka kai can ba ya dawowa. Gardama ta zama jifa, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Zumuncin da ke riƙe da ɗalibai shi ne a ranar ya hana a ceci marar lafiya, domin babu amana tsakaninsu da likitocin gwamnati.

Wannan zamani ne na gyare-gyare a Azhar, waɗanda Shaihu Muhammadu Abduh yake cikin jagororinsu. An kafa majalisar gudanarwa a 1895. A 1897 aka buɗe babban ɗakin karatu, inda aka tattaro littattafan da ke warwatse a riwaƙai da dama. A daidai wannan lokaci Khidiwi Abbas Hilmi na Biyu ya gina sabon riwaƙi mai ɗauke da sunansa, aka kuma samar wa masallacin likita da wurin ba da magani. Daga baya, a farkon rabin ƙarni na 20, aka daina rabon gurasa, aka mayar da jaraya kuɗi. Wanda ke son ganin yadda rayuwar ɗalibin Azhar take a wancan lokaci, da irin kaɗaicin da ke cikinta, yana iya duba littafin Al'ayyam na Ɗaha Husain, makahon yaron da ya shiga Azhar a 1902, ya zama ministan ilimi na Masar daga baya.

6.0 Birnin Baƙin Ɗalibai

Bayan juyin mulkin 1952, gwamnatin Jamal Abdunnasir ta ɗauki Afirka da duniyar Musulmi a matsayin fagagen da Masar za ta taka rawa a cikinsu. Ɗaukar nauyin ɗalibai baƙi ya zama wani reshe na siyasar ƙasar. A 1954 aka yanke shawarar gina musu mazauni na musamman, aka buɗe shi a 1959 a unguwar Abbasiyya. Sunansa Madinatul Bu'us Al'islamiyya, ana iya cewa Birnin Baƙin Ɗalibai. Shekara biyu bayan haka, doka mai lamba 103 ta shekarar 1961 ta sake wa Azhar fasali, aka shigo da tsangayoyin likitanci da injiniyanci da aikin gona da kasuwanci, aka kuma buɗe wa mata ƙofa.

Wannan birni ya magance da yawa daga cikin raunin riwaƙi. Ɗalibin da ya sami gurbin tallafin Azhar, wanda ake kira minha, ana ba shi gado da abinci da ɗan alawus na wata-wata, ba tare da an duba ko mutanen ƙasarsu masu arziki ne ba. Akwai masallaci da ɗakin karatu da wurin shan magani da filayen wasa. Ɗalibai mata suna da nasu sashe, kuma akwai wani reshe a Iskandariyya. Sabon zuwa yakan yi jarrabawar gwajin matsayi. Idan Larabcinsa bai nuna ba, sai a tura shi ajin koyon harshe, daga nan ya shiga makarantar share fage ta baƙi, kafin ya kai ga jami'a.

Hukumar Azhar, wadda Shaihu Ahmad Aɗɗayyib yake shugabanta tun 2010, tana kuma shirya abubuwan da za su jawo ɗalibai cikin jama'a. Akwai musabaƙar Alƙur'ani da gasar ƙwallon ƙafa da yawon buɗe ido zuwa wuraren tarihi. Akwai bukukuwan al'adu, inda kowace ƙasa kan baje tufafinta da abincinta. Akwai majalisar wakilan ɗalibai baƙi mai isar da kokensu ga hukuma. Da watan azumi akan shimfiɗa buɗa-baki a farfajiyar masallacin domin dubban baƙi. Ita kanta kalmar riwaƙi an farfaɗo da ita, domin yanzu da ita ake kiran darussan kyauta da ake bayarwa a masallacin da rassansa.

Sai dai ofis ba ya maye gurbin shaihin riwaƙi ta kowace fuska. Ma'aikaci yana aiki ne da lamba da takarda, kuma idan lokacin tashi ya yi sai ya tafi gida. Wannan giɓi ƙungiyoyin ɗalibai na ƙasa-ƙasa ne suka cike shi. Ɗaliban Nijeriya da na Nijar da na Ghana da sauransu kowa yana da tasa ƙungiya, wani lokaci har da ta jiha ko ta gari. Su ke tarbar sabon zuwa a filin jirgi, su raka shi ofis-ofis, su shirya masa bitar darussa gab da jarrabawa. Su ke yin karo-karo idan wani ya kwanta asibiti, su ke tsayawa a kan jana'iza idan ta Allah ta kasance. A taƙaice, riwaƙin Barno ya bar jikin bangon masallaci, amma aikinsa bai mutu ba.

7.0 Matsalolin Yau

Babbar matsala ita ce guraben tallafi ba su kai yawan masu zuwa ba. Ɗalibai da yawa da kuɗin iyayensu suke karatu. Azhar ba ta karɓar kuɗin makaranta mai nauyi a fannonin addini da Larabci, amma haya da abinci da mota suna wuyan ɗalibi. Irin waɗannan sukan haɗu su kama gida a Madinatu Nasr ko wasu unguwanni masu rangwame. Darajar kuɗi kuma ta yi musu illa ta fuska biyu. Masar ta saki fam ɗinta a kasuwa a Nuwamban 2016, ta sake yin haka a Maris na 2024, inda dala ɗaya ta tashi daga wajen fam 31 zuwa wajen 50, kaya suka yi tsada. Nijeriya ma ta saki naira a Yunin 2023, abin da iyaye ke aikowa ya ƙanƙance tun kafin ya iso. Ɗalibin da ya shiga wannan hali yakan fara neman ɗan aikin yi, daga nan zuwa aji ya ragu, shekarar karatu ɗaya ta koma biyu.

Matsala ta biyu ita ce takardar izinin zama, wadda ake sabuntawa lokaci-lokaci, kuma sai da shaidar makaranta. Wanda rajistarsa ta yi jinkiri yakan zauna cikin zullumi. Ta uku ita ce harshe. Yaro yana iya haddace Alƙur'ani da littattafan nahawu a Kano ko Damagaram, ya iso Alƙahira ya kasa cinikin tumatir, saboda Larabcin littafi daban, na kan titi daban, wasu malamai ma da karin harshen Masar suke bayani a aji. Ga sanyin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, ga baƙon abinci irin su ful da ɗa'amiyya da kushari ga wanda ya saba da tuwo da miyar kuka. Wasu kuma sukan gamu da zolaya a hanya saboda launin fatarsu. A shekarar 2020 Masar ta yi dokar da ta mayar da cin zali da muzantawa laifi mai hukunci, amma gyaran hali ya fi rubuta doka ɗaukar lokaci.

Akwai wani tarko kuma a cikin maganin kansa. Ɗalibin da ya fake cikin 'yan garinsu yana samun natsuwa, amma idan da Hausa yake kwana da ita yake tashi, zai iya shekara biyar a Masar harshensa bai warware da Larabci ba. Saboda haka kyakkyawan tsari shi ne wanda zai bar ɗalibi da mutanensa, ya kuma buɗe masa ƙofar cuɗanya da wasu, a ɗakin kwana da filin ƙwallo da zauren bita. Akwai hanya mai sauƙi ta yin haka a Alƙahira, domin ana koyar da Hausa a jami'ar Azhar da jami'ar Alƙahira. Bamisiren da ke koyon Hausa da Bahaushen da ke koyon Larabci kowa na da abin da ɗan'uwansa ke nema.

8.0 Kammalawa

An ga yadda kula da ɗalibai baƙi a Azhar ya taso daga sadakar masu hali, ya koma waƙafi da riwaƙi, sannan ya koma hannun hukuma a 1959. Kowane mataki ya gyara wani abu. Waƙafi ya mayar da gurasa haƙƙi, hukuma kuma ta kawo daidaito da magani. Abin da bai sauya ba shi ne bukatar ɗalibi ga wanda zai lura idan ba a gan shi ba. Iyaye da gwamnatocin da ke tura yara karatu waje suna da abin koyi ga mutanen Kanem, waɗanda suka gina masauki suka kuma ci gaba da aiko masa da kuɗi. Makarantun da ke karɓar baƙi kuwa, Hausawa sun riga sun yi musu tuni da cewa baƙonka annabinka.

Ma'anar Kalmomi

aza harsashi: fara gini daga tushe.
falke: ɗan kasuwa mai tafiya gari-gari da kaya.
fatoma: mai saukar fatake, mai kuma yi musu dillanci.
giɓi: wurin da ya rage babu kome, inda ake bukatar cikawa.
gurasa: abincin da ake yi da garin alkama, mai faɗi, ana gasa shi a tanderu.
guzuri: abinci ko kuɗin da matafiyi ke riƙewa.
karo-karo: tara kuɗi, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa.
mahaɗi: abin da ake ci tare da babban abinci, kamar miya ko wake.
saki jiki: natsu, daina ɗari-ɗari.
sauke farali: yin aikin hajji.
ta Allah ta kasance: an yi rasuwa.
uwar ɗaki: matar da ke taimakon wani na ƙasa da ita, shi kuma yana yi mata hidima.
waƙafi: dukiyar da aka tsayar domin amfanin jama'a, ba a sayarwa, ba a gado.
zango: wurin da matafiya ke sauka, unguwar baƙi.
zullumi: damuwa a kan abin da ake tsoron zai faru.

Nazarin Harshe

(a) Lokaci sabau. Ana amfani da "kan" wajen nuna abin da aka saba yi: "Masu hali sukan aiko musu da abinci." "Falke yakan sauka wurin fatoma." Korewarsa ita ce "ba su kan aiko ba", amma an fi jin "ba sa aikowa" a maganar yau da kullum.

(b) Ɓoye mai aiki. Idan ba a son ambaton wanda ya yi aiki, sai a ce "an", "aka", "ana", "akan" ko "za a": "An aza harsashin masallacin a 970, aka fara salla a 972." A lura da yadda "an" ke buɗe labari, "aka" ta ci gaba da shi.

(c) Aikatau mai ɗaukar "da". A kwatanta "tsaya" da "tsayar da", "fita" da "fitar da", "isa" da "isar da". Na farko mai aikin ne ke yi da kansa, na biyu kuwa sa wani ko wani abu yake yi.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne darasin ya ce ɗalibi baƙo yana bukata?
2. Me ya faru da mazauna masallacin Azhar a shekarar 1415?
3. Su wa suka ba da kuɗin gina makarantar Ibn Rashiƙ, kuma a ina take?
4. Mece ce dangantakar Malam Muhammadu Alkashinawi da gidan Aljabarti?
5. A bayyana ayyukan shaihin riwaƙi guda huɗu.
6. Mene ne bambancin jaraya da sadaka?
7. Me ya jawo rikicin 1896, kuma wane darasi ke cikinsa?
8. Ta yaya zama cikin 'yan gari ɗaya yake zama taimako, ta yaya kuma yake zama cikas?

Aikin Gida

(a) A tsamo jimloli biyar masu "kan" daga cikin darasin, a mayar da su korarru.

(b) A bayyana ma'anar waɗannan karin magana, a sa kowanne cikin jimla: "Da ruwan ciki ake jan na rijiya", "Baƙonka annabinka", "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka", "Zumunta a ƙafa take".

(c) A rubuta shafi ɗaya a kan yadda ake tarbar ɗalibai baƙi a wata jami'a da aka sani, a kwatanta shi da tsarin riwaƙi.